Ɗan Dakon Biki

Wurare goma sha ɗaya, in ji takardar
da Ximena ta liƙa a gilashin motata.
Ni goma sha biyu na ƙirga,
don ta manta da shagon askin Eleuterio,
inda ake kaɗa jita da zarar an share gashi daga ƙasa.

Valparaíso gari ne da aka shanya a jikin duwatsu
kamar wankin gidan yawa.
Wanda ya gina shi bai taɓa saɓa lasifika a kafaɗa ba.
Matakala ɗari da sittin da biyu
daga titi zuwa tsohon gidan burodi.
Gwiwata ta hagu ce ta ƙirga.

Kwana uku ina jigilar kayan kiɗan mutane.
Ganga ta hau, ganga ta sauka,
waya ta harɗe da waya kamar taliya a tukunya.
A rumbun kifi na bakin teku
wata yarinya ta rungume goge wanda ya fi ta tsawo,
ta ja zaren farko, ɗakin ya yi tsit,
sai aljihuna ya ɗauki ƙara:
Nibaldo, ana jiranka a tudun sama.

Haka rabona yake.
Na san farkon waƙa arba'in, ban san ƙarshen ko ɗaya ba.
Tafi kuwa ta bayan bango nake jin sa,
kamar ruwan sama a kan kwanon maƙwabci.

Ranar Asabar masu zane suka rataye hotuna
a igiyar shanya tsakanin gida biyu.
Iska ta ɗauke ɗaya, jirgin ruwa ne ja,
ya sauka a kan motata.
Na mayar wa mai shi, ya ba ni rabin lemo.

Lahadi da dare taya ta yi faci a gangaren maƙabarta.
Kafin in isa gidan burodin an tattara kujeru,
an kashe fitilu, saura ta bakin ƙofa.
Doña Herminia na zaune a kan matakala,
shekara saba'in da huɗu, jan baki, takalmin fita unguwa,
akwatin kiɗanta mai zugazugi a cinya.
Makirfon da ta jira yana hannuna.

Na buɗe baki zan ba da haƙuri.
Ta ce, ajiye shi, kai ni gida.

A bakin tashar jiragen ruwa ta ce in tsaya.
Ta ce in kashe injin.
Ta buɗe zugazugin a kujerar baya,
tsakanin ganga da buhun waya,
ya ja numfashi kamar tsohon da ya hau tudu,
sannan ya fara.

Waƙar wani matuƙin jirgi ce da ya ci bashin kwale-kwale.
Baiti bakwai. Ta yi tuntuɓe a na biyar,
ta zagi yatsunta, ta koma.
Aljihuna ya yi ƙara sau biyu, na dafe shi.
Wani kare ya zo ya zauna jikin taya.

Da ta kai ƙarshe na rasa yadda ake yi,
hannuwana duk baƙin mai.
Ta ce, to, tafa mana,
ko kai ma sai an kawo maka kayan aiki?