Kalmar Ƙasan Shafi

A Mai Wurno, shekarar da Nilu ya cika ya tumbatsa,
ruwa ya shigo mana ɗaki ba sallama.
Muka ɗauke buhun dawa, muka naɗe tabarma,
muka manta da gafakar Malam Jibo
a rataye bayan ƙofa.
Ruwa bai taɓa ta ba. Danshi ne ya lashe ta,
gara kuma ta biyo bango ta kai gaisuwa.

Da na kwance igiyar fata
takardun suka zube kamar ganyen darbejiya,
ba ɗinki, ba lamba.
Kakana bai san lambar shafi ba.
Abin da ya sani:
can ƙasa, ta hagu, ya ɗiga kalma guda,
wadda shafi na gaba zai fara da ita.
Shafi riƙe da hannun shafi,
kamar ayari mai ƙetare rafi da dare.

Kwana uku ina tsugune.
Wannan ya ce raƙumi, na nemo raƙumi.
Wancan ya ce bashi, na nemo bashi:
riyal biyu na wani Tanimu, a Fashir,
ban sani ba ko an biya.
Maganin kunama. Sunayen waɗanda aka binne a hanya.
Tawadar zuge da ƙaro, har yau baƙa wuluk,
in ka ɗaga takardar ga rana
sai jinjirin wata uku su leƙo daga cikinta.

Na kai su Sinnar, shagon Babikir mai injin kwafi.
Ya duba, ya juya, ya sake dubawa,
ya ce: haruffan dai namu ne,
amma ba da mu suke magana ba.
Na ce Hausa ce ta ari riga.
Wuta ta ɗauke sau biyu. Muka sha shayi.
Injin ba ya ƙarya, sai dai ba shi da kunya:
ya kwafe hudar gara, ya kwafe tabon yatsa,
jan wasali ya mai da shi toka,
ƙamshin fata kuwa bai ma san da shi ba.

Shafi ɗaya ya ce rijiya.
Na zazzage gafaka, babu rijiya.

Gwaggo Yalwa, wadda ido ya bari tun tuni,
wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba,
tana ɓarar gyaɗa ta ce: karanto na baya.
Na karanto.
Sai ta ɗora, da muryar da ba tata ba,
rijiya gaba goma sha biyu, ruwanta da gishiri,
da matar da ta ba su nono ba ta karɓi ko kwabo ba.
Ta ce yakan karanta musu bayan lisha,
ita tana kwance, an ɗauka barci take.

Washegari na ce ta maimaita.
Rijiyar ta ƙara gaba uku.
Na rubuta duka biyun, da biro, a takardar makaranta,
na sa a tsakani.

'Yata Ummulhairi ta tambaye ni wanne ne gaskiya.
Na ce je ki tambayi Gwaggo tun tana nan,
ki tafi da biro.