Wuƙaƙen Cikin Tumbi

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Maigatari,
ban san adadin tumbin da na farke ba.
Na san warinsa, na san ɗuminsa da asuba,
da tururin da ke tashi in an juye shi bakin rami.
Na ɗauka na gama saninsa.

Sai ga Hansatu, 'yar ƙanena Jatau,
ranar Alhamis, daga Dutse, da kwalabe cikin kula.
Ta ce, "Baffa, kada ka zubar, ruwan nake so."
Yaran mayanka suka tuntsire:
boko ya ƙare a kashin shanu!

Ta tace da ƙyalle, ta toshe da sauri,
wai mazauna ciki ba sa shiri da iska.
Na ce, su wa?
Ta ce, "Saniya ba ta iya narka kara ba,
tuƙa kawai take, ta aika ciki.
Masu aikin suna can cikin duhu,
na cokali guda sun fi mutanen ƙasar nan yawa."

Ta nuna buhun da nake baje kayan aikina:
barho, gatari, 'yar siririyar fiɗa.
"Da guda ɗaya za ka gama sa?"
Na ce ko Sarkin Fawa bai isa ba.
Ta ce, "To, haka suke.
Wani karan dawa yake sara,
wani jijiyar harawa yake bi sannu,
wani sai an fasa masa ya tsinci ragowa.
Kowa da wuƙar da ya gada,
rubuce a jikinsa da harufa huɗu,
kuma rubutun wannan ba na wancan ba ne.
Har aron wuƙa suna yi wa juna."
Na ce nan kam sun fi mahauta.

Abin da ya kawo ta: ta ga
ko na cikin rahajin da ya tako daga Damagaram,
ya sha ƙaya da sabara,
ƙirarsu ɗaya da na bunajin Hadeja
mai kwana kan tattakar shinkafa.

Sa na uku da muka kayar ramamme ne.
Na farke, na sa hannu,
na jawo dunƙule kamar gammo:
baƙar leda, ledar ruwa, igiyar buhu,
sun cure, sun ƙi ruɓa.
Na ɗaga mata. Na ce, wannan fa, aikin wa?
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Babu wanda kakansa ya taɓa ganinta."

Da yamma na sha fura da nono wajen Yawuro,
ina juya ludayi, ina tunanin kara,
da waɗanda suka mai da shi fari
ba wanda ya taɓa ce musu sannu.
Da na tashi, na tsince ledar da ke gindin turke,
na cusa a aljihu.