Riƙe Biyar a Ka

A zamaninmu, a firamaren Ƙofar Kuyambana,
lissafi nauyi gare shi a aljihu:
marafan kwalba talatin,
ƙwallon dabino in marafan sun ɓace.
Kana gudu, ƙidayarka na yi maka kacau-kacau.

Malam Jatau ya ce, bakwai sau takwas?
Dorina tana lilo a hannunsa,
mu kuwa muna lalube cikin kai
kamar mai neman allura bayan fitila ta mutu.
Hamsin da shida.
Har yau in na faɗa, gadon bayana yana tunawa.

Rubuta shida, riƙe biyar a ka.
In bai kai ba, ara wurin maƙwabci,
ka biya kafin ka wuce gida na gaba.
Ashe zaman unguwa ake koya mana
da sunan ɗebewa.

Yau ni ke riƙe da alli,
shekara ashirin da uku, a Tudun Jukun.
Yarana sun zo da kalkuleta 'yar Sabon Gari,
mai shan rana ta ƙoshi.
Kafin in ɗiga ayar tambaya,
amsa ta riga ni zama.

Ran Talata na ce: gero mudu bakwai,
kowane dubu da ɗari biyu.
Mudassir ya latsa, yatsa ya zame,
sifili ɗaya ya shigo ba sallama.
Ya rubuta dubu tamanin da huɗu,
ya ja masa layi biyu a ƙasa, ya harɗe hannu.
Na ce, kakarka na awo a kasuwar cikin birni,
in ka kai mata wannan, me za ta ce?
Ya ce, Malam, ai ba ni na faɗa ba.
Ita ta faɗa.

Maganar ta bi ni har kan tabarma.
Mu ma mun sha kuskure,
amma namu ne, mun san ƙafar da ta yi tuntuɓe.

Ran Alhamis sai ga Rumasa'u,
ta bakin taga,
wadda jadawalin bakwai ya sa kuka bara.
Ta ɗaga hannu, karon farko tun da na san ta.
Malam, na raba takwas gida sifili,
ta ƙi ba ni amsa. Ta lalace ne?
Na ce, lafiyarta ƙalau.
Ta ce, to in malmala takwas ce,
kuma ba kowa a gidan,
wa za a miƙa wa?

Alli ya tsaya a hannuna.
Shekara ashirin da uku,
ba yaron da ya taɓa kawo ni nan.
Kanmu ya cika da abin da muka riƙe,
ina wurin da tambaya za ta zauna?
Muka cinye darasin kan sifili,
har Mudassir ya ajiye tasa yana musu,
aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya tashi.

Da yamma, a Ƙofar Doka, na tsaya sayen lemu.
Na gama canjina a kai,
mai lemun yana ta latsa waya.
Muka iso wuri ɗaya, ni a ƙafa, shi a mota.
Ban ce masa komai ba.
Na dai roƙi mai shagon gefe
ya tara mini marafan da ya share.

Gobe za su ji ni tun daga bakin ƙofa,
aljihu yana kacau-kacau.
Zan ce kowa ya kife tasa a kan benci,
ya fara gaya mini, ko da kintace ne,
gero mudu bakwai zai kai nawa.
Sannan ya buɗe ta,
mu ji ko ita ma ta sani.