Saukar Ungulu

Ni da na tashi a gindin Kwatarkwashi,
na hau shi da silifa, na sauko a guje,
me dutsen Turawa zai nuna mini?
Haka na ce wa Juwairiya a Fort William
tana ɗaure mini igiyar takalmi, kamar ita ta haife ni.
Ta ce, "Baba, Ben Nevis ba ya jin Hausa."
Na yi dariya. Na bar rigar ruwa a mota.

Hantsi ya same mu a hanya.
Tumaki masu shuɗin fenti a gadon baya
suna kiwo, ba makiyayi, ba sanda.
Wani tsoho ya wuce mu yana saukowa,
ya dubi rigata, ya dubi sama,
ya gaishe ni kawai.

Bayan azahar gajimare ya sauko.
A garinmu kai ke ɗaga kai ka ga hadari.
A nan shi ke zuwa ya zauna kusa da kai,
ya jiƙa maka gemu,
ya ɓoye maka 'yarka tana taku uku a gabanka.

Dutse ɗaya ne, bai fi faranti ba.
Ya juya.
Na ji ƙas, kamar an karya rake,
sai ga ƙafata tana kallon inda ban aike ta ba.

Shekara goma sha tara ina tuƙa bas a Glasgow,
ni ke ɗaukar mutane, ba a ɗauka ta.
Ga ni shimfiɗe a kan tsakuwa.
Juwairiya ta tuɓe rigarta ta lulluɓe ni,
tana karanta wa wata murya lambobi a waya,
haƙoranta na kaɗawa, maganarta ba ta rawa.
Na so in ce ki yafe mini.
Abin da ya fito: "Kar ki gaya wa mamarki zancen rigar."

Na yi la'asar da ido, ban san alƙibla ba.
Sanyi ya daina cizo, ya koma lallashi,
yana cewa, ɗan runtsa mana, Haladu.
Ita kuwa tana marin kumatuna:
"Daga Govan sai ina? Faɗi tasha ta gaba!"

Sannan sama ta ɗauki lugude,
turmi ɗari, taɓarya ɗari.

Mu muka raɗa masa mai saukar ungulu,
ungulu kuwa ba ta jewar banza,
kowa ya san abin da ke kawo ta.
Na ce to, an zo.
Amma wannan bai sauka ba.
Ya tsaya cak a kan iska, ja da fari,
ya zuro igiya,
a bakin igiyar mace da hular kwano.
Ta durƙusa, ta sa baki a kunnena:
"Sunana Morag. Kai ne ba ka da riga?"

Ta ɗaure ƙafar, ta ɗaure ni a jikinta,
ta kaɗa hannu sama.
Aka ja mu.
Wai guga ba ya tsoron rijiya.
Wanda ya faɗa bai taɓa zama guga ba.
Muna juyawa, muna juyawa,
can ƙasa 'yata ta koma ɗigo
tsakanin fitilun 'yan sa-kai da suka hawo da ƙafa,
wani mai gyaran famfo, wata malamar makaranta,
sun baro tuwonsu, ko me suke ci, saboda ni.

Abin da na hau a awa biyar
na sauke shi kafin in gama salati.

Da safe, ta tagar asibiti,
ga shi tsaye, tas, ko ƙyallen gajimare babu,
kamar bai san ni ba.
Juwairiya ta shigo da shayi.
Ta rataye rigar ruwan a ƙarfen gado,
a bushe, da ninkinta na kanti,
ta zauna, ba ta ce komai ba.