Idon Yen Dubu Ɗari Tara

Kwana uku ina zarya shagon Kuwabara,
nan Kushiro, a titin da ke gangara tashar jirgi.
Ya daina tambayata.
Sai ya zaro ɗan mabuɗi, ya buɗe akwati,
ya miƙo mini shi hannu bibbiyu
kamar jaririn da ba a yi wa suna ba.

Idon kyamara ne, dogo, fari,
ya fi kifin da ƙanena ke kamowa nauyi.
Yen dubu ɗari tara.
Na juya takardar farashin ko da rangwame a bayanta.
Babu.

Shekara talatin da ɗaya na tuƙa bas,
da zagaye nake auna kuɗi:
wannan wata uku ne cur,
fitowar asuba, ƙanƙara a kan kwalta,
ciwon baya har gida.

Tomie ba ta hana ni ba, ita ba ta hani.
Ta dai ajiye littafin cefane kusa da shayina:
kananzirin hunturu,
rufin da dusar ƙanƙara ta lotsa,
kuɗin makarantar jikarmu a Sapporo.
Ta koma kan saƙarta.

To ni fa, gauraki ne suka kama ni,
farare, masu ɗigon ja a tsakar ka.
Kan gada nake tsayawa kafin rana ta ɓullo,
tururi na tashi daga kogi,
dama da hauni samari sun jera nasu kamar igwa,
ni da tsohona, mai shekara ashirin,
ɗaure da salatif.
In na dawo gida na duba, sai hazo.
Fuka-fuki sun narke, jan nan ya dushe.
Na ce laifin gilashi ne.

Kuwabara ya ce, karɓi haya, kwana biyu.
Gani ya kori ji.

Sanyi ya daskarar da gemuna ran nan.
Guda biyu suka ɗaga wuya tare, suka yi kira,
numfashinsu ya kama hasken farko,
na danna, na danna, hannuna na rawa.
Da dare na buɗe hotunan.
Hazo.
Hazon dai na jiya, da tsadarsa da komai.

Tomie ta leƙo ta kafaɗata.
Ta ce, kai, ga gashin nan ina ƙirgawa ɗaya-ɗaya.
Wane hazo?

Likita Ishimaru bai ɓata lokaci ba.
Yana ce, in ji shi, idon dama ta nuna,
na hagu na biye.
An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima;
nawa shekara nawa yana tauye mini awo
ina zagin salatif.

An yi aikin ran wata Talata.
Da aka cire auduga
na ga ashe labulen ɗakinmu shuɗi ne,
na ga furfurar Tomie, na ga tsufana a madubi.

Sai na jera hotunan biyu a tebur.
Da na so in ce duk ɗaya ne,
in huta, in yi barci.
Ƙarya zan yi.
Na tsohon, gefensa ya ɗan jiƙe, amma tsuntsu tsuntsu ne.
Na sabon kuwa,
har raɓar da ta daskare a bakinsa.

Bambancin bai fi faɗin farce ba.
Farcen nan ne yen dubu ɗari tara.

An gyara rufi makon jiya.
Kayan aro ba ya rufe katara, na sani,
amma na rubuta sunana a littafin haya,
kwana biyu, Fabrairu mai zuwa.

Ɗazu na bi ta ƙofar shagon,
ban yi niyyar tsayawa ba.
Kuwabara ya hango ni.
Hannunsa ya riga ya shiga aljihu.