Roƙon Akawu

Ranka ya daɗe, shugaban gidan waya,
ni ne Tanimu, akawun asibiti a Tudun Wada.
Shekara sha tara ina lasar bakin ambulan,
har harshena ya haddace ɗanɗanon gam.

A da hatimi nake bugawa, tim!
wasiƙa ta kama hanyar Kaduna ba ko sisi.
Yanzu an ce sai da kan sarki,
ba a kuwa ce daga aljihun wa ba.

Takardar fanshon Iya Lantana mai shara
ta kwana arba'in a durowata.
Kullum takan tsaya bakin taga,
ba ta tambaya, kallo kawai.

Jiya na taka sayyada har Sabon Gari,
na liƙa mata kan sarki da kuɗin man babur.
Saura wasiƙa talatin da biyu.

Aikin hukuma ne, ba gaisuwar surukai ba.
Ku maido mana da hatiminmu.
Rijiya ta bayar, kada guga ya hana.

Wannan ma da ke hannunku,
bashi na ci wajen masinja na aiko ta.