Baƙo a Gefen Kwamfuta

Azahar a Mabera, fanka ta tsaya,
kwamfutar Luba ta ƙi tashi.
Baƙin allo, farin rubutu layi guda,
irin na likita in zai ce a yi haƙuri.
Babi huɗu na digirinta suna ciki.

Jabbi ya zaro filashi daga aljihu,
bai kai ɗan yatsa ba, murfinsa ya ɓace tun bara.
Ya soka a gefe, ya kunna,
ya dinga dukan maɓalli ɗaya
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma.
Ta share shi. Ya kashe, ya sake.

Karo na uku shuɗin shafi ya buɗe.
"Ba ta san da baƙo ba," in ji shi,
"sai an hwaɗi mata wa za ta fara gaisarwa."
Ya ɗaga sunan filashi sama,
na faifan cikinta ya koma ƙasa.

Batir saura tara.
Luba tana murza bakin mayafi.
Ɗigo-ɗigo suna zagaye, suna zagaye,

sai ga Babi na Huɗu, ko waƙafi bai ɓata ba.

Jabbi ya share gumi.
"Ruwan sanyi dai. Kuɗin, sai kin gama."